Yadda Na Ci Bashi da Sunan Baba Haladu

Samari da ƴan mata, ina yi muku sallama. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma don tsoro ba ne, mutanen Tanut sun san ni sarai. Na dai ga wanda ya yi shekaru yana wasa da sunayen mutane, ya kamata ya ɗan huta da ambaton nasa.

A Tanut aka haife ni, a nan na yi lakwal har aji uku na kolej, sannan karatu ya tsaya. Abu guda na fito da shi, shi ne kyan rubutu. Kawuna ya ga haka, ya saya mini tsohuwar na'urar fotokopi, na kafa rumfa kusa da meri, wato ofishin magajin gari. Ina yi wa mutane kopi, ina cika musu dosiye, takardun neman wani abu a ofis, ina rubuta musu wasiƙa. Ban taɓa koyar da kowa ko baƙi ɗaya ba, amma gari duk ana ce mini mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. Ina samun na hatsi da na cefane, mahaifiyata na sa mini albarka, idan na bi ta kasuwa tsofaffi na ɗaga mini hannu. A lokacin ban san wannan shi ne arziki ba.

Akwai wata al'ada a wajenmu. Mutumin ƙauye ba ya son ajiye takarda a ɗakinsa, don in gara ba ta ci ba ɓera zai ci, in ta tsira daga ɓera ɗigon damina na jiranta, ga awaki da ba su san muhimmancin tambarin hukuma ba. Sai ya nemi amintacce a gari ya bar masa ajiya. Ni ne amintaccen ƙauyuka da yawa. Ina da akwatin ƙarfe, kowa da ledarsa da sunansa, a ciki akwai takardar haihuwa, da kopin kart ɗinsa na ɗan ƙasa, da ragowar ƙananan hotuna. Da an gama girbin gero sai maza su watse cin rani, wasu Agadas, wasu Damagaram, wasu har Aljeriya, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Su tafi, sunayensu su zauna a ƙarƙashin teburina.

Cikin masu ajiyar nan akwai Baba Haladu, wani dattijo daga wani ƙauye bayan Ollelewa. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya yi ta a bakin meri sai a ji shi a tasha. Yana da wani babban sa ja da yake jan ruwa da shi. Kun san zurfin rijiyoyin ƙasarmu ta Damargu, sai sa ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya leƙo. Da san nan yake shayar da ƙauyensu da dabbobin makiyaya, da shi yake ci da iyalinsa. Bai taɓa zuwa wajena hannu biyu ba, ko ƙwan zabi, ko cuku, ko kwanon wake. Ɗana yake ce mini.

Ɓarnata ta fara ne da jikka ɗaya, sefa dubu ke nan. Wani abokina Gambo, mai sayar da waya da pus, wato layin waya, ya zo wata rana ya jingina da teburina ya ce, "Mushe, ka ba ni kopin kart guda mana. Wani ne ke son pus, ba shi da takarda. Mai kart ɗin yana Aljeriya, ina zai sani?" Na ce masa amana ce. Ya ce ai ba cin ta zan yi ba, hoto kawai za a ɗauka a mayar. Ya ajiye jikka a kan teburi. Ranar ban yi cinikin ko rabin haka ba, sai na buɗe akwatin.

Na jira in ga ko sama za ta faɗo, ba ta faɗo ba. Mako na gaba ya karɓi uku, bayan wata guda na daina ƙirga. Har na kai in mutum ya kawo kart a yi masa kopi ɗaya, sai in ce na farko bai fita da kyau ba, in jefa shi ƙarƙashin teburi in sake wani. Wanda bai fita da kyau ɗin nan, lafiyarsa ƙalau.

Ana nan sai Gambo ya samu aiki a wata ƙaramar kes ta ajiya da lamuni, shi ke karɓar dosiyen masu neman bashin kiwon raguna. Ya zo mini da sabuwar shawara. Ni in cika dosiye da sunan wanda ke cin rani, in liƙa hotonsa, in dangwala yatsana a madadin nasa, shi kuma ya shaida cewa mutumin ya zo da ƙafarsa. Mu raba kuɗin. Idan lokacin biya ya yi, mu ɗauki wani da wani sunan mu toshe na farko. Na ce wannan ai ya wuce wasa. Na yi kwana biyu ina cewa haka, a na uku na wanke hannu na ɗauki bik na fara rubutu.

Nan da nan na canza. Na sayi moto mai ƙafa biyu, na sayi waya mai faɗin tafin hannu, shadda ta zama kayan zaman rumfa, kullum da la'asar ina wajen mai balangu. Wata rana mahaifiyata ta dube ni da kyau ta ce, "Kai, na'urar nan taka haihuwa take yi ne?" Na yi dariya na ce kasuwa ce ta buɗe. Ba ta yi dariya ba, ta ce Allah ya sa kasuwar ce.

Ramin da muke tonawa kullum ƙara zurfi yake, har ƙananan basussuka suka kasa rufe shi. Gambo ya ce muna bukatar suna mai nauyi. Ya duba takardun kes ya ga Baba Haladu ya taɓa karɓar lamuni sau biyu tun kafin shi ya fara aiki, kuma duk ya biya kafin lokaci. Irin wannan sunan ko jikka ɗari uku ya nema ba a tambaya. Na kuma san da rani Baba ba ya barin bakin rijiya, sai ya yi wata biyar bai leƙo gari ba. Haka na cika dosiyen da rubutuna mai kyau. A wajen jingina na rubuta san nan ja. Na dangwala babban yatsana, Gambo ya rubuta a ƙasa cewa na hannun dama ne, kamar yadda ya saba rubutawa a kowace takarda.

Kuɗin ba su yi wata biyu ba. Lokacin biya ya zo ya wuce, Gambo ya fara ciwon da ba ya barinsa zuwa aiki. Daf da faɗuwar damina kes ta aika mutanenta ƙauyen. Suka sami Baba a bakin rijiya, gaban mata masu ɗiban ruwa da makiyaya, suka ce ya ci bashi ya ƙi biya, in bai biya ba cikin kwana bakwai za a tafi da san. Suka kuma dakatar da lamunin iri na ƙungiyar ƙauyen gaba ɗaya, tunda sunansa na cikin jerin. Dattijon da bai taɓa riƙe wa kowa ko dala ba, ya wayi gari maƙwabta na kallonsa a kaikaice.

Kun san wajen wa ya fara zuwa? Wajena. Da hantsi na ɗaga kai na gan shi tsaye, ƙafafunsa duk ƙasa, da ƙwan zabi ƙulle a cikin tsumma. Ya ajiye mini ƙwan ya ce, "Ɗana, tashi ka raka ni kes. Wai na ci musu bashi. Ni ba karatu gare ni ba, kai ne idona, ka karanta mini takardar tasu kalma kalma, kada su rufe ni." Na ce ina da aiki, ya ce aikin ya jira. Na ce kaina na ciwo, ya ce a hanya zai saya mini magani. Haka ya kama hannuna muka tafi, yana ta ba ni labarin yadda san ya yi ƙiba bana.

Shugabar kes ɗin wata mata ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, Madam kowa ke ce mata. Ta fito da dosiyen ta ajiye. Baba ya tura mini shi ya ce in karanta da ƙarfi. Na fara karanta rubutun hannuna, ina juya masa da Hausa. Sunansa, sunan mahaifinsa, ƙauyensa, jikka ɗari uku, sa ja guda. Na zo ƙarshe na ce, "Ga dangwale, babban yatsan hannun dama."

Baba ya ce, "Na wane hannu?"

Na ce na dama.

Sai ya fashe da dariyar nan tasa, har masu jira a waje suka leƙo ta taga. Ya ɗaga hannunsa na dama sama ya ce, "Madam, don Allah in kun ga yatsan nan ku maido mini abina! Shekara talatin ke nan igiyar rijiya ta tahi da shi, ashe yana nan Tanut yana cin bashi!"

Yatsu huɗu ne a hannun. Na gaisa da hannun nan ya fi sau ɗari, na karɓi ƙwai da cuku daga cikinsa, na san babu yatsan, amma ranar da na dangwala ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba, don ba mutumin nake gani ba, sunansa kawai nake gani. Madam ta sa aka ɗauko tsofaffin takardunsa guda biyu, duk an rubuta hagu. Ta dawo kan sabon dosiyen ta daɗe tana kallo. Rabin dosiyen garin nan ni na cika su, ta san rubutuna kamar yadda ta san fuskata. Ta cire gilashi ta ce, "Mushe, wa ya cika wannan?"

Baba ya rigaye ni. Ya ce, "A'a Madam, kada ki taɓa mini yaro. Wannan ɗana ne, shi na kawo ya kare ni." Wannan maganar ce ta karya ni. Da zagina ya yi da wataƙila na yi ta musu. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni ne. Yatsana ne."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya juya wajen Madam ya tambaye ta ko yanzu san nasa ya tsira, ta ce ya tsira. Ya tambayi irin ƙauyensu, ta ce gobe za a saki. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, a bakin ƙofa ya ce mini ba tare da ya waiwayo ba, "Ƙwan nan ka aika gida a dafa, da zafin nan ba sa jimawa." Na gwammace a ce ya mare ni.

Jandarmomi suka zo suka tafi da ni da akwatin ƙarfen. Gambo kuwa a tashar Damagaram aka kama shi. A gaban alƙali aka karanto sunayen da muka yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, kowane suna na san fuskar mai shi. A nan na ji labarin wani bawan Allah da ya dawo daga Aljeriya aka tsare shi kwanaki, saboda an damfari mutane da pus mai sunansa, alhali yana can yana ɗaukar bulo. Aka sayar da moto da na'ura da waya, aka yanke mini shekara uku a kaso.

Ba zan cika ku da labarin kaso ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, kuma ranaku ba sa tafiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin mahaifiyata a layin masu ziyara da ƙwaryar fura, ta rufe fuska da mayafi don kada ƴan unguwa su gane ta. A can na koma salla kan lokaci, na roƙi Allah gafara da gaske, ba irin ta baki ba. A can kuma wani tsoho ya koya mini tufkar igiya, hannun da ya saba da bik ya yi kanta.

Ranar da aka sake ni an kwana ana ruwa, gari na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na fito na tsaya a titi ina ta dariya ni kaɗai kamar wanda ya taɓu. Mahaifiyata ta yi guɗa, ta yi kuka, ta kuma dungure mini kai, duk a lokaci guda. Na ci tuwon gero da miyar kuka har na kasa tashi. Bayan kwana uku na ɗauki igiya mafi tsawo da na tufka, na hau motar kasuwa zuwa Ollelewa, daga nan na ƙarasa a ƙafa.

Na same shi a bakin rijiya, san nan ja na nan da ƙibarsa. Tun daga nesa ya hango ni ya ɗaga murya, "A'a! Jama'a ku zo ku gani, ga ɓarawona ya dawo!" Mata suka ajiye tulu suna dariya. Na durƙusa na miƙa masa igiyar na ce ya yafe mini. Ya juya ta, ya ja ta da ƙarfi, ya ce, "Igiya ta cinye mini yatsa guda, shi ne ka kawo wata ta ƙarasa na hagun?" Sai ya miƙo mini sanda ya ce in kora san. Na yini ina kai da kawowa a rana, ƙafata ta yi bororo, shi yana zaune a inuwa yana ba makiyaya labarina, yana ƙara gishiri. Da la'asar ya sa aka kawo fura muka sha a ƙwarya ɗaya. Ya ce, "Na yahe maka duniya da lahira. Amma aiki gare ka."

Aikin shi ne wannan. Bayan abin da muka yi, Madam ta fito da wata hanya a kes. Duk wanda ya so, sai ya je a ja jan layi a kan dosiyensa, a rubuta cewa ba a ba da bashi da wannan sunan sai mai shi ya zo da ƙafarsa da kart ɗinsa na ainihi, shugaba ta gan shi ido da ido. Mutane suka sa wa abin kulle suna. Ranar da kake bukatar lamuni ka je ka buɗe, in ka gama ka sake kullewa, ba a biyan ko dala. Baba ne ya fara kulle nasa, amma mutane da yawa ba su ji ba, waɗanda suka ji kuma suna ganin wahala ce. Ya ce ba wanda zai fahimtar da su kamar wanda ya san ta inda ake shiga.

Tun daga nan nake bin kasuwanni da igiyoyina, Tanut, Ollelewa, Tarka, Belbeji. Duk ranar da Baba ya samu zuwa, sai ya tsaya kusa da shimfiɗata ya yi ta kiran mutane, "Ku zo ku ji daga bakin ɓarawona, ƙwararre ne, da ni ya koyi aiki!" A taru ana dariya, ni kuma in yi bayani. Abin da nake faɗa musu shi zan faɗa muku.

In kana da dosiye a wata kes ko banki, kuma za ka yi nisa, ka je ka ce a kulle sunanka kafin ka hau mota. In ba su da wannan tsarin, ka sa a rubuta a takardarka cewa ba ka wakilta kowa ba. In an yi maka kopin kart, ka tsaya a kan mai na'urar, ka ƙirga, wanda ya ce ya lalace ma ka karɓi abinka ka yaga da hannunka. Kafin ka miƙa kopi ga kowa, a rubuta a tsakiyarsa da bik abin da aka yi shi dominsa da ranar, don irin wannan kopin ba ya sayuwa a wajen ɓarawo, ni shaida ne, na sha jefar da su ina tsaki. Ka riƙa zuwa wajen masu layin waya kana tambayar pus nawa ke da sunanka. Lambar sirrin kuɗin wayarka kuwa ko ni da na tuba kada ka faɗa mini. Takardunka ka sa su a gwangwani mai murfi ka rataya a ɗakinka, gara ba ta cin ƙarfe.

Shekara biyu Baba na kirana ɓarawona, ina amsawa, don ni na saya da kuɗina. Sai wata ranar kasuwar Belbeji, ya hango ni cikin cunkoso ya ƙwala kira kamar yadda ya saba. Wani baƙo mai sayen raguna da bai san mu ba ya ji kalmar, ya dafe aljihunsa da hannu ɗaya, ya shaƙe wuyan rigata da ɗayan, yana ihu a zo an kama ɓarawo. Kafin in buɗe baki mutane sun fara zagaye mu. Sai ga Baba ya ratso su da sandarsa, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko ranar kes. Ya ce, "Kai, sake shi! Ka san ko wane ne wannan?" Ya kira sunana na yanka, ya haɗa da na mahaifina, da ƙarfi yadda kasuwa duk ta ji. Ya ce, "Mutumin kirki ne, mai igiya ne, ni Haladu na tsaya masa." Baƙon ya sake ni yana ba da haƙuri, ni kuwa na zauna a kan igiyoyina ina hawaye ina dariya, Baba na cewa in tashi kada in jiƙa masa haja.

Yau ina da rumfar igiya, ina da mata da ƴa guda, abin da nake samu kaɗan ne amma ina cinsa da daɗi. Ƴan uwana matasa, ku kulle sunayenku, ku kuma bar na mutane inda suka ajiye. Ranar da wani ya jingina da teburinku ya ce mai abin ba zai sani ba, ku tashi ku bar masa wurin. Ni jikka ɗaya na karɓa, sai da na yi shekara biyar kafin in sake jin dattijo ya kira sunana a bainar jama'a.